Ƙwallon Alhaji Zarami

A shekarun da gyaɗa take tashe a ƙasar Katagum, kafin a sami mulkin kai, an yi wani mutum a Azare ana ce masa Malam Ladan. Ya taɓa koyarwa a makarantar elemantare, ya bari don ba su jitu da hedimasta ba, ya buɗe 'yar rumfa a bakin tasha yana sayar da littattafai da tawada. Shi ne kuma wakilin jaridar lardi, wata ƙaramar jaridar Hausa mai fitowa mako-mako. Duk abin da ya faru a gari, gobara ce ko sabuwar rijiya ko ciwon shanu, shi zai rubuta ya kai gidan waya. Ran da jarida ta iso kuwa sai a cika rumfarsa maƙil, ya miƙe tsaye ya karanta wa waɗanda ba su iya boko ba. Mutum ne mai tsini a baki, kuma ya san da haka, yana ma jin daɗin abin.

A wannan tashar dai akwai Alhaji Zarami, mai lori-lori. Motocinsa suna kai gyaɗa Kano, su komo da gishiri da kananzir da atamfa, har ƙullin jaridar Ladan ma a cikinsu yake zuwa. A Kano Alhaji ya ga ana buga ƙwallo, abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya tara samari, yawancinsu 'yan dakonsa da yaran motocinsa, ya saya musu takalma da korayen riguna an rubuta AZARE a ƙirji, ya sa wa ƙungiyar suna Guguwa. Ya kewaye wani filinsa na bayan tasha da zana, ya kafa turakan gola. Ran wasa har tsofaffi suna zuwa da buzunsu.

Da fari tsakanin mutanen nan biyu sai son barka. Ladan yana da wurin zama a benci kusa da Alhaji, in za a tafi wasa wani gari a gaban mota ake sa shi. Shi kuma in Guguwa ta ci, sai ya zuba labari mai daɗi, sunan Alhaji ya fito a jarida sau biyu sau uku. Alhaji bai iya karatun boko ba, amma ya gane siffar sunansa, yakan ɗora yatsa a kai yana murmushi.

Abin ya fara lalacewa ne ran da 'yan Misau suka zo suka lallasa Guguwa a gida. Kowa ya ga dalili. Alhaji ya cire Hammadu, kyaftin, daga gaba, ya sa ɗan ƙanwarsa Bappayo, wanda ƙwallo ke wuce shi kamar ba ta san shi ba. Ladan ya rubuta haka ɗin. Da jarida ta iso ya karanta a rumfa, aka fashe da dariya, dariyar ta kai har inda Alhaji yake zaune ana auna masa buhuna.

Ran Juma'ar da ta biyo Ladan ya je fili, sai ya tarar da wani ƙato a bakin zana ya tare hanya.

"Alhaji ya ce ban da kai."

"Ban da ni? Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Malam. Da sunanka ya faɗa."

Ladan ya tsaya mutane suna ratsa shi suna shiga. Daga baya ya zagaya ya leƙa ta wata ɓarakar zana, ya ga an ɗora tulun ruwa a inda yake zama a benci. Wannan tulun ya fi komai ƙona masa rai.

Ana haka, ƙarshen damina, mutanen garin Katagum suka gayyaci Guguwa wasa. Aka tafi ba da Ladan ba. Washegari mota ta dawo da hantsi, ya tsaya a bakin rumfarsa yana kallon masu sauka. Babu kiɗa, babu ihu, ko da yake an ce sun ci. Kuma babu Jalo.

Jalo shi ne mai tsaron gida, wani dogon Bafillace daga rugar kusa da Sakwa, wanda Alhaji ya gani yana cafe tunkiya a kasuwa ya ɗauko shi. Mutanen Azare suna sonsa ƙwarai, don in ya yi tsalle sai ka ce ba ƙashi a jikinsa. Ladan ya tambayi wannan, ya ce Jalo ya tsaya gaida gida. Ya tambayi wancan, ya ce ya bugu a wasa. Ya tare Hammadu kyaftin a bakin masallaci, Hammadu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, don Allah ka tambayi Alhaji." Ladan ya lura kuma gefen motar na hagu ya lotse, laka ta bushe a jikin katako har sama.

Sai ya tafi wurin Alhaji. Ya same shi a zauren gidansa tare da 'yan kasuwa, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya kamata.

"Alhaji, zuwa na yi in ji labarin Jalo."

"A matsayin wa?"

"A matsayin wakilin jarida. Mutane suna tambaya."

"To su zo su tambaye ni." Alhaji ya gyara zama. "Malam Ladan, ka taɓa saya wa yaran nan ko igiyar takalmi? Ƙwallo tawa, riguna nawa, fili nawa, mota tawa. Ina ruwan takardarka da abin da na yi da kayana?"

"Riguna naka ne, Alhaji, ba wanda ya musa. Amma sunan da ke jikinsu ba naka ba ne. Azare aka rubuta. Ran da aka ci Guguwa, mu duka ake yi wa dariya a Misau. Kuma da kake so a san ka, ba ka ce ina ruwan takarda ba."

Wani dattijo ya ce, "A'a, Malam, a bi a hankali."

Alhaji ya nuna ƙofa da carbinsa. "Na ɗauke ka a mota, na zaunar da kai kusa da ni, ka mai da ni abin dariyar 'yan dako. Yanzu kuma ka zo har zaurena ka tuhume ni. Kai alƙali ne? Tashi ka ba ni wuri."

Ladan ya tashi, ya zura takalminsa ya fita. Da ya isa gida matarsa Murja ta dubi fuskarsa ta gane. Yayanta Umara shi ne direban motar da ta kai 'yan wasa Katagum.

"Malam, ka bar maganar nan," in ji ta. "Yaya Umara ya zo ɗazu, ko ruwa bai sha ba. Ya ce in roƙe ka."

"Me ya ce ya faru?"

"Bai ce ba. Ni ma ban tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya."

Da safe ya hau kekensa ya kama hanyar Sakwa. Hanyar duk ta jiƙe, wani wuri sai ya sauka ya tura. A gangaren wata fadama ya ga inda taya ta zame ta haƙa rami, ga farin gishiri ya narke a cikin laka, shanu sun taru suna lasa. Ya daɗe tsaye a wurin kafin ya wuce.

A rugar aka nuna masa bukkar Adda Mairo, mahaifiyar Jalo. Jalo yana kwance a kan tabarma a inuwa, an ɗaure masa ƙafar dama da karare daga gwiwa zuwa idon sawu. Ya rame, leɓɓansa sun bushe. Da ya ga Ladan sai ya juya fuska bango.

Adda Mairo ce ta yi magana, Hausarta tana haɗuwa da Fillanci. Ta ce a kan buhunan gishiri aka ɗora 'yan wasan. Alhaji ya ce ba zai aika mota Katagum wayam ba, aka loda ta har ta fi katako tsawo, yara suka hau sama. Gishirin bai ƙare a kasuwar can ba, aka dawo da rabi. A gangaren fadama mota ta karkata, sauran suka dira, Jalo ya faɗi buhuna suka bi shi. Maimakon a wuce da shi asibiti, sai aka kawo shi nan aka kira mai ɗori, aka ce kowa ya yi shiru.

"Yaron da na ba su yana gudu ya kamo maraƙi," in ji ta, "dube shi."

Jalo ya juyo. "Inna, ya isa." Ya dubi Ladan. "Malam, kada ka sa ni a takarda."

"Jalo, an cuce ka."

"Na sani. Ƙafata ce. Alhaji ya aiko da hatsi, ya ce in na tashi zai sa ni a awo, ina zaune. In ka rubuta, wa zai ba ni? Kai?"

Ladan ya ce masa dai in aka yi shiru gobe wani za a ɗora a kan buhu. Jalo ya ce wannan wani ɗin ya yi ta kansa, ya sake juya baya.

A hanyar komowa Ladan ya yi ta saƙawa yana kwancewa. Ya san maganar Jalo gaskiya ce. Ya san kuma in ya tono zuciyarsa zai tarar da tulun ruwan nan na kan benci a ciki, ba tausayin Jalo kaɗai ba. Amma ya ce wa kansa, ko da haushi ko babu, buhunan sun faɗa kan yaron.

Bai rubuta nan da nan ba. Ya sake neman Alhaji, wannan karon a tasha, rana tsaka, gaban jama'a, don kada a ce bai ji ta bakinsa ba.

"Alhaji, na je Sakwa. An ce a kan lodin gishiri aka ɗora yara, an ce an hana kai Jalo asibiti. In ba haka ba ne ka faɗa mini, in rubuta naka kamar yadda ka faɗa, ba ragi ba ƙari."

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa yaronsa, "Gaya wa mai tawadan nan ba na magana da shi." Sannan ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ya rubuta abin da ya ga dama. Amma ya sani, ran da sunana ya sake fita a takardarsa, ran nan ƙwallo ta mutu a garin nan."

'Yan dako suka daina aiki suna kallo. Hammadu yana cikinsu da buhu a kafaɗa, ya girgiza wa Ladan kai a hankali.

Ladan ya koma rumfa ya rubuta. Ya faɗi lodin, ya faɗi fadamar, ya faɗi ɗorin, ya ƙara da cewa an nemi mai ƙungiya har sau biyu ya ƙi magana. Ya rufe da tambaya: wanda ya ɗauki sunan gari da 'ya'yan mutane ya sa a motarsa, ba zai amsa wa gari ba in ɗaya ya karye? Ya kai gidan waya da kansa.

Makon da jaridar za ta iso, ƙullin bai zo ba. Yaran mota suka ce ba su gan shi ba. Daga baya wani ya tsince shi a cikin kududdufi a hanyar Jama'are, ya jiƙe ya zama dame. Amma wani malamin asibiti da ya dawo daga Bauci ya zo da guda a aljihu. Ladan ya karɓa, ya hau kan benci a bakin rumfa ya karanta da ƙarfi, tasha ta cika har kan motoci. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Hukuma ta aiko a duba maganar lodi. Alhaji ya ce shi bai san an ɗora yara a sama ba, aikin direba ne, ya kori Umara nan take. Hatsin da ake kai wa Sakwa ya tsaya. Ran Juma'a mutane suka je fili suka tarar an kwashe zana, an tumɓuke turakan gola, an zuba shanun Alhaji suna kiwo. Rigunan da takalman an tattara an kulle a sito.

Gari ya juya wa Ladan. Waɗanda suka tsaya suka saurare shi a tasha su ne suka fara cewa ya kashe musu ƙwallo. Aka daina zama a rumfarsa. Wata safiya ya zo ya tarar an watsa kashin shanu a ƙofar. In ya wuce majalisar mahauta sai wani ya ce, "A ɓoye nama, ga jarida nan." Akwai masu cewa a asirce ya yi daidai, amma ba sa faɗa in da mutum na uku.

A gida ma bai sami sauƙi ba. Umara ya zo har tsakar gida, bai zauna ba.

"Ka ji daɗi yanzu? Ni na ce wa Alhaji lodin ya yi yawa, ya ce in ja ko in ajiye makulli. 'Ya'yana fa? Ka sa su a jaridar?"

"Ka zo ka faɗi haka in rubuta, Umara. Shi ne abin da ya rage a labarin."

"In faɗa, sannan wane mai mota ne zai ɗauke ni daga nan har Kano?" Ya tofar da yawu a gefe. "Kai dai ba ka rasa komai ba sai benci."

Murja ta yi kwanaki ba ta ce masa uffan ba in ban da gaisuwa. Tana ajiye masa tuwo ta koma ɗaki.

Da kaka ta yi, Ladan ya sake hawa keke zuwa Sakwa da ɗan gero a bayan sirdi. Jalo ya tashi, yana dogara sanda, ƙafar ta ɗore a karkace. Adda Mairo ta karɓi geron ta yi godiya. Ita kam ta ce gara da aka faɗa, ko ba komai duniya ta ji. Jalo bai miƙa masa hannu ba.

"Na roƙe ka," ya ce.

"Ka roƙe ni."

"To me ka zo yi?"

Ladan ya ce ya yi magana da malamin asibiti, akwai likita da ke zuwa Azare, wataƙila a duba ƙafar. Jalo ya ce in Allah ya so. Jalo bai je asibitin ba sai bayan watanni, lokacin kuwa likita ya ce ƙashi ya riga ya kama, sai haƙuri.

Alhaji Zarami bai ƙara yi wa Ladan magana ba har abada. Sukan haɗu a sahu ɗaya ran Juma'a, kafaɗa na gogar kafaɗa, a sallame salla kowa ya kama gabansa. Ladan ya koma karɓar jaridarsa ta gidan waya, tana iso masa a makare. Sau ɗaya wani aminin Alhaji ya zo da sulhu: in Ladan ya rubuta cewa kuskure ya yi, za a buɗe fili. Ladan ya ce Alhaji ya nuna masa kuskuren, ko da ta bakin ɗan aike ne. Ɗan aiken bai dawo ba.

Bayan sallar layya samarin suka gaji da zama. Hammadu ya bar dako a tashar Alhaji ya koma kasuwar hatsi, ya tara waɗanda suka yarda, suka share wani fili a bayan makaranta. Babu riguna, babu takalma, ƙwallon ma ta sha faci. Suka gayyaci samarin garin Gololo. Ladan ya ji labari, ya sa hularsa ya tafi.

Hammadu ya tare shi tun kafin ya ƙarasa.

"Malam, ba mu hana ka ba. Amma da sharaɗi. Abin da za ka rubuta a kanmu, ka fara karanta mana mu ji."

"In kun ji bai yi muku ba fa?"

"Sai ka gyara."

"Ba zan yi ba, Hammadu. In na rubuta ƙarya ku zo ku faɗa, in buga maganarku. In na tambaye ku, ku amsa. Iyakarta ke nan."

Hammadu ya dube shi da jajayen idanu. "Kai ba ka gajiya? Ka raba mu da Alhaji, ka raba Umara da mota, Jalo yana can da sanda."

"Ni na ɗora masa buhu?"

Sauran samarin sun matso sun kewaye su. Wani ya ce a kore shi. Wani ya ce filin makaranta ne, ba na uban kowa ba. Hammadu ya tsaya yana huci, can ya juya ya ce a fara wasa, rana tana yi.

Ladan ya tsaya shi kaɗai a bayan gola. 'Yan kallo suka bar fili tsakaninsu da shi kamar mai ƙyanda. Sabon mai tsaron gida gajere ne, ƙwallo ta bi ta kansa sau biyu kafin a juya, 'yan Gololo suka tafi da nasara suna waƙa. Da aka tashi Ladan ya nufi Hammadu ya tambaye shi me ya sa bai canza yaron ba bayan ta farko. Hammadu yana goge zufa da hularsa, ya yi kamar zai wuce. Sai ya tsaya, bai dube shi ba, ya ce, "Ba mu da wani."

Haka Ladan ya rubuta a jaridar makon, da sunan Hammadu a kai.